Me ya sa fiffike mai lilo yake wuce kusurwar da ɗagawarsa ta saba yankewa?

Ɗalibin Injiniya ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina aikin kammala digiri na biyu a fannin injiniya, kuma aikin ya shafi ƙaramin injin samar da lantarki daga iska, irin wanda sandarsa take tsaye, fukafukansa suna kewaya ta. Kafin a kai ga haɗa injin, malamin da ke duba aikina ya umarce ni da in fara auna halin fiffike guda ɗaya a cikin bututun gwajin iska. Fiffiken mai sigar NACA 0012 ne (wata sananniyar siga da samanta da ƙasanta suke iri ɗaya), faɗinsa daga goshi zuwa wutsiya santimita 15, iskar kuma tana gudun mita 20 a daƙiƙa.

Da na ɗaure fiffiken a tsaye, wato ba ya lilo, ina ƙara kusurwar da yake fuskantar iska da ita kaɗan-kaɗan, sai na ga abin da littattafai suka faɗa: ƙarfin ɗagawa yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar kusurwa, har zuwa wajen digiri 11 ko 12, daga nan sai iska ta saki bayan fiffiken, ɗagawar ta yanke. Matsalar ta taso ne bayan da na haɗa masa mota da ke sa shi lilo tsakanin digiri 2 da digiri 22, sau huɗu a kowace daƙiƙa. A lokacin da goshinsa ke ɗagowa, ɗagawar ba ta yanke a inda ta saba ba, ta ci gaba da hawa har kusa da ƙarshen lilon, ta kuma zarce mafi girman abin da na samu a tsaye da tazara mai yawa. Bayan nan ta faɗi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma a hanyar dawowa ba ta farfaɗo ba sai da kusurwar ta sauka ƙasa sosai da digiri 12. Saboda haka maimakon layi ɗaya, zanen da nake samu zobe ne mai faɗi, hanyar hawa dabam, hanyar sauka dabam. Ga kuma wata fizga da ake ji a jikin sandar da ke riƙe da fiffiken a kowane zagaye.

Ina roƙon masana su taimaka mini da abubuwa uku. Shin wannan halin iska ne na gaskiya, ko kuwa na'urar awona ce take yi mini ƙarya? Idan na gaskiya ne, mene ne yake faruwa a bayan fiffiken? Kuma ko zan iya amfani da jadawalin da na samu a tsaye wajen lissafin injin da zan haɗa? Allah ya saka da alheri.

Malamin Ilimin Iska ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani halin iska ne na gaskiya, kuma sananne ne tun da daɗewa. A shekarar 1932 wani masani a Jamus mai suna Max Kramer ya nuna cewa idan kusurwar da iska ke dukan fiffike da ita ta ƙaru farat ɗaya, fiffiken yakan ba da ɗagawar da ta fi wadda yake iya bayarwa a tsaye. Tushen al'amarin shi ne iska tana buƙatar lokaci kafin ta daidaita da sabon matsayin fiffike, ta yadda ƙarfin da ke kansa a kowane lokaci ya dogara ga inda yake a yanzu da kuma inda ya fito ɗazu kaɗan.

Da farko ka lissafa ma'aunin da ke nuna ko lilon yana da sauri idan aka gwada shi da gudun iska. Ana kiransa k, kuma ana samunsa ta hanyar ninka saurin lilo ω da faɗin fiffike c, sannan a raba da gudun iska V ninki biyu. A naka gwajin, lilo huɗu a daƙiƙa, idan aka ninka da 2π (wajen 6.28), yana ba da ω wajen 25, a ninka da mita 0.15, a raba da 40, sai a sami k kusan 0.094. A al'adar masu wannan fanni, idan k bai kai 0.05 ba ana iya ɗaukar cewa iska tana bin fiffike sau da ƙafa, daga 0.05 zuwa 0.2 ba a isa a yi watsi da jinkirin ba, abin da ya haura 0.2 kuwa jinkirin ne yake mulkin komai. Kai kana tsakiyar rukuni na biyu, don haka da zanenka ya fito layi ɗaya, shi ne zai zama abin tuhuma.

Jinkirin yana nan ko da iska ba ta saki fiffike ba. Duk lokacin da ɗagawa ta canza, fiffike yakan zubar da murɗaɗɗiyar iska daga wutsiyarsa, kuma wannan iskar da ya bari a baya tana rage kusurwar da yake ji a zahiri har sai ta yi nisa. Herbert Wagner ya lissafa a 1925 cewa idan aka canza kusurwa nan take, rabin sabuwar ɗagawar ne kawai ke bayyana da farko, sauran ya biyo baya sannu a hankali. Theodore Theodorsen kuma a 1935 ya warware lissafin fiffike mai lilo a rahotonsa na NACA, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka a wancan lokaci. Bisa lissafinsa, a k na 0.1 ɗagawar da ke fitowa daga zagayen iska takan ragu zuwa wajen kashi 85 cikin ɗari na abin da jadawalin tsaye zai ba ka, kuma takan makara kaɗan. Wannan shi ne dalili na farko da ke jinkirta yankewa: fiffiken yana digiri 12 a idonka, amma iskar da ke goshinsa tana jin ƙasa da haka. Dalili na biyu shi ne juyawar fiffiken da kanta tana sa iska ta gan shi tamkar mai ɗan lanƙwasa, wanda ke sassauta matsin da ke goshinsa. Na uku kuma, siririyar shimfiɗar iskar da ke lasar fatar fiffike ba ta ɓallewa nan take; tana iya fara komawa da baya a can ƙasa kusa da fata, alhali iskar da ke samanta tana nan manne.

Yanzu ga abin da ke faruwa a zagaye ɗaya, kamar yadda gwaje-gwajen masana McCroskey da Carr da McAlister suka bayyana a cibiyar bincike ta Ames da ke Kaliforniya daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, kuma da yawa daga cikinsu da irin fiffikenka aka yi su. Fiffike ya wuce kusurwar da ya saba yankewa, ɗagawa tana ci gaba da hawa. Komawar iska da baya ta fara daga wajen wutsiya, tana rarrafowa zuwa goshi. Sai shimfiɗar iskar da ke goshi ta ɓalle ta nannaɗe kanta, ta zama guguwa guda ɗaya mai ƙarfi da ke kwance a tsawon fiffiken. Idan ka ja ludayi da sauri a karkace cikin ƙwaryar ruwa, za ka ga irin wannan murɗawar ta taso a bakinsa ta bi bayansa. Tsakiyar guguwar wuri ne mai ƙarancin matsi, don haka muddin tana kan fiffiken tana zuƙarsa sama, kuma ita ce ke kawo ƙarin ɗagawar da ta ba ka mamaki, wadda kan zarce ta tsaye da rabi, wani lokaci har ta kusa ninka ta. Amma guguwar ba ta zama wuri ɗaya. Tana gangarawa zuwa wutsiya da gudun da ke tsakanin sulusi da rabin gudun iska, tana jan cibiyar matsi zuwa baya, kuma da zarar ta bar wutsiya sai ɗagawar ta rushe. Wani lokaci wata ƙaramar guguwa takan biyo bayanta, ta sa ka ga ɗan tudu na biyu a zanenka. A hanyar dawowa iska tana sake mannewa ne daga goshi zuwa wutsiya, kuma wannan ma yana cin lokaci, shi ya sa farfaɗowar ta makara.

Amsar tambayarka ta uku ke nan: jadawalin tsaye shi kaɗai ba zai wadatar da kai ba, domin a kusurwa ɗaya, misali digiri 15, fiffikenka yana da ɗagawa iri biyu mabambanta ƙwarai, gwargwadon ko hawa yake yi ko sauka.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji ta amsa:

Bayanin Malam ya gamsar, kuma ban da ja a kan cewa abin da ɗalibin ya gani na gaskiya ne. Sai dai ina so in ja hankalinka, ƙanena, cewa kasancewar al'amarin gaskiya ba ya nufin alƙaluman da ka rubuta duk daidai ne, domin tuhumar da ka yi wa na'urarka tana da gurbi.

Idan da ma'aunin ƙarfi kake awo, wato wanda ke ɗaure a gindin sandar, to ka sani yana auna ƙarfin iska haɗe da ƙarfin da nauyin fiffiken kansa yake haifarwa sa'ad da ake wujijjiga shi. Ka kashe fankar bututun, ka kunna motar lilo da saurin nan dai, ka ɗauki awo, sannan ka debe shi daga awon da ka yi da iska, kusurwa da kusurwa. Ka kuma ƙwanƙwasa sandar da ɗan ƙaramin guduma ka ga saurin karkarwarta ta asali, domin idan ya yi kusa da ninkin saurin lilonka, fizgar guguwar za ta sa ta rawa, kai kuma ka ɗauka iska ce. Idan kuwa da ƙananan ramukan matsi kake awo, tsawon siraran bututun roba da ke kai matsin zuwa na'ura yana jinkirta saƙon kuma yana dakushe kaifinsa. A gwajin tsaye wannan ba ya cutarwa, amma a naka gwajin guguwar tana ƙetare fiffiken ne cikin wajen kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa, alhali zagayen lilo ɗaya rubu'in daƙiƙa ne. Saboda haka ka gajarta bututun iya yadda za ka iya, ka kuma ɗauki awo sau dubbai a daƙiƙa, kuma kusurwar da za ka rubuta ta zama wadda aka auna a jikin sandar a daidai wannan lokacin, ba wadda ka umarci motar da ita ba.

Akwai wani abu da ɗalibai kan yi sakaci da shi. Al'ada ce a tara zagaye masu yawa a fitar da matsakaicinsu, kuma hakan daidai ne a ɓangaren hawa, inda zagayen suke hawa kan juna kamar an zana su da hannu ɗaya. Amma daga lokacin da guguwar ta ɓalle har zuwa sake mannewa, kowane zagaye yana da nasa hali, wani ya yanke da wuri, wani ya makara. Matsakaici yakan shafe ƙololuwar, ya ba ka wani zagaye mai laushi wanda fiffiken bai taɓa bi ba ko sau ɗaya. Ka ajiye zagayen ɗaya bayan ɗaya, ka zana su a kan juna, ka nuna wa malaminka faɗin bambancin.

Sannan ka lura da girman gwajinka. Lambar Renolds ɗinka, wato ma'aunin da ke haɗa gudun iska da faɗin fiffike da kaurin iska, wajen 200,000 ce, alhali gwaje-gwajen Ames da Malam ya ambata an yi su ne a miliyoyi. A ƙaramar lamba irin taka, ɗan kumfan iska mai ɓallewa ya sake mannewa yakan zauna kusa da goshi, kuma fashewarsa ce sau da yawa take haifar da guguwar. Don haka kada ka yi tsammanin kusurwoyinka za su dace da nasu daidai wa daida. Ka liƙa gajerun zaren ulu a bayan fiffiken, ka ɗauki hoton bidiyo mai sauri ko da da wayar hannu ce. Za ka ga zaren wajen wutsiya sun fara juyawa suna kallon gaba tun na goshi suna kwance lafiya, kuma za ka gane ko bangon bututun yana ɓata maka gefuna biyu na fiffiken.

Ɗalibin Injiniya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Yaya. Da ma'aunin ƙarfi nake awo, kuma zan yi gwajin da babu iska kamar yadda kika ce. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Idan har lilo yana sa fiffike ya ba da ɗagawar da ta zarce ta tsaye da rabi ko fiye, me ya sa ake ɗaukar wannan al'amari a matsayin matsala? A ganina riba ce da ya kamata masu ƙera jirage da injinan iska su nema da gangan. Kuma idan jadawalin tsaye bai isa ba, da me injiniyoyi suke lissafi?

Tsohon Injiniyan Helikwafta ya amsa:

Yaro, tambayarka ta yi kyau, kuma amsarta tana cikin fizgar nan da ka ce kana ji a jikin sanda, wadda ka ambata a ƙarshe kamar ba ita ce babba ba. Mu da muka yi aiki a kan jirage masu saukar ungulu, ita muka fi tsoro.

Ka ɗauki misalin jirgin UH-60, wanda bakin farfelarsa yake gudun wajen mita 220 a daƙiƙa. Idan jirgin yana tafiya gaba da mita 70 a daƙiƙa, fiffiken da ke tunkarar gaba yana ganin iskar mita 290, wanda ke komawa baya kuma yana ganin mita 150 kawai a bakinsa. Tun da ɗagawa tana tafiya ne da gudun iska idan an ninka shi da kansa, ɓangare ɗaya yana da kusan ninki huɗu na abin da ɗayan yake da shi, kuma jirgin zai kife idan ba a daidaita ba. Hanyar daidaitawa ita ce a rage kusurwar fiffike a ɓangaren gaba, a ƙara ta a ɓangaren baya, sau ɗaya a kowane zagayen farfela, wato fiye da sau huɗu a daƙiƙa. Ka ga ashe kowane fiffiken helikwafta fiffike ne mai lilo irin naka. Idan gudu ya yi yawa, ko kaya suka yi nauyi, ko matuƙi ya ja jirgin sama da ƙarfi, sai fiffiken da ke komawa baya ya wuce iyaka, guguwar ta taso.

A daidai lokacin da guguwar ta bar goshi ta nufi wutsiya, tana danna goshin fiffiken ƙasa da ƙarfin murɗawa mai tsanani, kuma wannan yakan fara ne tun kafin ɗagawar ta kai ƙololuwarta. Fiffiken farfela dogo ne siriri, yana murɗuwa. Murɗawar tana bi ta sandunan da ke sarrafa kusurwa ta sauka cikin na'urorin tuƙi, jirgin ya ɗauki karkarwa, ƙarafan kuma su riƙa gajiya zagaye bayan zagaye. Ribar ɗagawar ta ɗan lokaci ce ƙanƙani, kuma ba ka da iko a kan lokacin tafiyarta, amma dukan da ke biye da ita yana nan a kowane juyi. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa helikwafta na gargajiya yake da iyakar gudu. Tarihin da jirgin Lynx na kamfanin Westland ya kafa a Ingila a watan Agustan 1986, na kilomita 400 da ɗoriya kaɗan a awa, ya samu ne da farfela mai bakin da aka ƙera musamman don ya jure manyan kusurwoyi a ɓangaren baya da kuma tsananin gudu a ɓangaren gaba.

Ina ba ka shawara ka zana ƙarfin murɗawa a kan kusurwa, kamar yadda ka zana ɗagawa. Za ka ga zoben ya harɗe, wani sashe yana zagayawa ta hannun agogo, wani ta akasinsa. Idan ka ɗauki ɗagowar goshi a matsayin sama, sashen da ke bin akasin agogo yana nufin iska tana kwantar da lilon, sashen da ke bin agogo kuma yana nufin iska tana zuba wa lilon ƙarfi. Idan na biyun ya rinjayi na farko, fiffike mai laushin murɗawa zai ci gaba da kaɗa kansa da kansa. Abin lura shi ne McCroskey ya raba al'amarin gida biyu, yankewa mai sauƙi inda aka ɗan wuce iyaka kaɗan, da yankewa mai zurfi irin taka, kuma a mai sauƙin ne aka fi samun wannan haɗarin, ko da yake ƙarfin dukan ya fi yawa a mai zurfi.

Duk da haka tunaninka bai ɓata ba, domin akwai halittun da suke cin wannan ribar. A 1996 Charles Ellington da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka nuna cewa wani nau'in babban malam-buɗe-littafi na dare yana riƙe irin wannan guguwar a goshin fiffikensa a yayin da yake bugawa ƙasa, kuma da ita yake samun ɗagawar da lissafin fiffike tsayayye ya kasa bayyanawa. Bambancin shi ne fiffiken ƙwaro gajere ne, yana shara kamar fanka daga gindinsa, guguwar tana zama a manne har bugun ya ƙare ya juyo. Dogon fiffike irin namu ba ya iya riƙe ta haka.

Game da lissafi kuwa, hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauki jadawalin tsaye a matsayin tushe, a ɗora masa jinkiri. Akwai tsarin da Gormont ya fitar a 1973 daga aikin kamfanin Boeing-Vertol, akwai na ONERA, cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa, daga farkon shekarun 1980, sannan akwai na Leishman da Beddoes na 1989 wanda ya fi yaɗuwa. Wannan na ƙarshen yana raba aikin kashi-kashi: jinkirin iskar da ba ta ɓalle ba, jinkirin matsin goshi, jinkirin matsawar wurin da iska ke ɓallewa, da kuma ɗagawar guguwa da tafiyarta. Kowane kashi yana da adadin lokacinsa da ake cirowa daga gwaji, kuma adadin da ake yawo da su a takardu an ciro su ne daga yanayin helikwafta, inda gudun iska ya kai kashi 30 cikin ɗari na gudun sauti ko fiye. A irin wannan gudun, iskar da ke lanƙwasa goshi tana iya zarce gudun sauti a ɗan ƙaramin wuri, ta sa yankewa ta zo da wuri. Kada ka kwashi waɗannan adadin ka zuba wa fiffikenka mai mita 20 a daƙiƙa. Ka ciro naka daga zoben da ka auna.

Injiniyar Makamashin Iska ta amsa:

Bari in ƙara a kan abin da Baba ya faɗa, ta fuskar injin da kake shirin haɗawa, ɗan'uwa, domin irin injin da ka zaɓa, wanda ake danganta wa Bafaranshen nan Georges Darrieus, yana rayuwa ne a cikin wannan al'amarin a kowane juyi.

A injin Darrieus kusurwar da fiffike yake gani tana kai-komo daga wannan gefe zuwa wancan a zagaye ɗaya, kuma girmanta ya dogara ga nisan da gudun fiffike ya yi wa gudun iska. Idan aka bar batun raguwar iska a cikin injin, lissafi mai sauƙi yana nuna cewa sa'ad da fiffike ke gudun ninki biyu na iska, kusurwar tana kaiwa digiri 30. A ninki uku tana kaiwa wajen digiri 19 da rabi. A ninki huɗu kuma wajen 14 da rabi. Ƙananan injina masu faffaɗan fukafukai sukan yi aiki ne a ninki biyu zuwa uku, don haka suna shiga yankewa mai zurfi ba dare ba rana. Ma'aunin k ɗinsu kusan faɗin fiffike ne a raba da faɗin da'irar injin, saboda haka idan fiffikenka na santimita 15 zai kewaya da'ira mai faɗin mita ɗaya da rabi, k zai zo wajen 0.1, wanda ya yi daidai da gwajinka. Ina kyautata zaton malaminka da gangan ya zaɓa maka wannan saurin.

Sai dai gwajin bututu ba zai nuna maka komai da komai ba. A cikin injin, gudun iskar da fiffike ke gani yana hawa da sauka tare da kusurwar, kuma hawan kusurwar ba ya daidai da saukarta. Fiffiken yana tafiya a kan lanƙwasasshiyar hanya, wanda ke sa fiffike miƙaƙƙe ya yi hali irin na mai lanƙwasa. Sannan guguwar da ya zubar a rabin zagayen da ke fuskantar iska ba ta ɓacewa, iska tana tura ta cikin injin, fukafukan su sake cin karo da ita a rabin baya. Zan kuma yi maka kashedi game da dogaro da kwamfuta ita kaɗai. A shekarar 2000 NREL, cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa ta Amurka, ta gwada injin iska mai faɗin mita 10 a babban bututun Ames, aka nemi masana su yi hasashen sakamakon ba tare da sun ga awon ba, kuma hasashen nasu ya sha bamban da juna da kuma awon, musamman a inda iska ta fara sakin fukafukai. Lissafin kwamfuta mai ɗaukar fiffike a matsayin yanki shimfiɗaɗɗe yakan kama hawan ɗagawa da kyau, amma yakan kumbura guguwar fiye da kima, ya kuma kuskure hanyar dawowa.

Abu biyu nake so ka sa a lissafinka tun yanzu. Na farko gajiyar ƙarfe: injinan Darrieus masu fukafukan alminiyam da aka kafa a Kaliforniya a shekarun 1980 sun sha fama da tsagewa saboda nauyin da ke sauya fuska a kowane juyi, don haka ka ƙera mahaɗar fiffike da hannun da ke riƙe shi bisa ƙololuwar ƙarfin da ka auna a zagaye mafi muni, ba bisa matsakaici ba. Na biyu tsabtar goshi. Duk labarin guguwar daga santimita na farko na goshin fiffike yake farawa, kuma a 2001 wasu masana daga Holan suka nuna cewa gawarwakin ƙwari da ke manne wa goshin fukafukai suna iya rage ƙarfin injin da kusan rabi a iska mai ƙarfi. Injin da zai tsaya a fili a ƙasarmu zai sha ƙurar hunturu, ya kuma sha ƙwarin damina. Saboda haka bayan ka gama awon da fiffike mai santsi, ka liƙa siririyar takardar yashi a tsawon goshinsa, ka maimaita gwajin tsaye da na lilo duka biyu, ka kawo mana zanen zoben ɗagawa da na murɗawa mu duba tare.